Ribar motar haya a ƙafar direba take

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, lissafin masu motocin haya a Katsina ya koma kan lita. A da mai mota balas kawai yake tambaya da yamma. Yanzu duk mai Sharon biyu ko uku a layin Kano, ko ƙananan motoci a hanyar Daura, dole ya san abin da kowace take sha a sawu ɗaya, domin direba biyu za su ɗauki mota iri ɗaya da lodi iri ɗaya, su dawo da tanki daban. Sau da yawa ba satar mai ba ce, totur ne.

Iska ce ke cinye man. Mota tana yanka ta, ita kuma tana tokare ta, kuma tokarewar ba ta ƙaruwa daidai da gudu. In ka ninka gudu biyu, ƙarfin da iska ke turo ka da shi ya ninka huɗu. Daga kilomita 90 a awa zuwa 120, turin ya kusa ninkawa biyu, inji kuwa da fetur yake biyan wannan bashi. Yawancin ƙananan motoci sun fi tsimin mai tsakanin 60 da 90 a giyar ƙarshe. Doguwar bas irin Hiace ta fi jin jiki, don gabanta kamar bango yake.

Direba zai ce maka sauri yake ya kama layi a tasha. To a yi lissafi. Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne. A gudun 90, awa ɗaya da minti 53. A 120, awa ɗaya da minti 25. Minti 28 ke nan a takarda, amma ba wanda ke riƙe 120 ya ratsa Charanchi da Kankia da Gidan Mutum Ɗaya da Bichi, ballantana ranar kasuwa. Ana taka birki a shinge, a sake ɗaukar mota daga ƙasa, kuma duk birkin da aka taka daga babban gudu man da aka riga aka ƙona ne ya tashi a banza. Ga shi dokar hukumar kiyaye haɗurra ta tsayar da motar haya a 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya.

Lokacin hunturu abin ya fi fitowa a hanyar Daura. Iskar daga arewa maso gabas take tasowa, mai zuwa Daura daga Katsina ta Mashi kuwa fuskantarta yake yi. In mota na 100, iska na busowa da 20, inji aikin tokarewar 120 yake yi. Ƙara masa buhuna a kan kariya, wato ƙarfen ɗaukar kaya na saman mota, ko but a buɗe an ɗaure da igiya, ka ga inda kuɗin ke zurarewa. Kariyar ko babu kaya tana cin mai, gara a kwance ta in ba a bukata.

Kada a dogara da allurar geji, ba ta da gaskiya sosai. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta maleji. A je a dawo, a sake cikawa a famfo ɗaya. A raba kilomita da litar da ta shiga. In an yi 340 aka zuba lita 34, kilomita 10 ke nan a lita. A maimaita sawu uku a gudun 90, uku yadda direba ya saba, da fasinja daidai. Littafin zai raba gardama ba tare da an ɓata da kowa ba.

Kafin a ɗora wa direba laifi, a duba motar. Iskar taya a auna ta da safe taya na sanyi, a bi lambar da ke jikin ƙofar direba, ba bugun ƙafar mai faci ba. Taya mai laushi tana jan mota, kuma a zafin Afrilu da gudu ita ce ke fashewa. Birkin da ke kamawa ana gane shi da zafin wili bayan tafiya. Fulogi da ya mutu da matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe suna kashe ƙarfin inji, sai direba ya ƙara taka totur.

Akwai masu sa mota a firi, wato su cire ta daga giya, in sun zo gangara wai tsimi. A motar da ke da nozul, wato mai fesa wa inji mai ba kafireto ba, in ka ɗaga ƙafa tana cikin giya, kwamfutar inji ita ke yanke man da kanta, a firi kuwa inji na ci gaba da sha, ga birki shi kaɗai ke riƙe da mutum bakwai da kayansu.