Kwana Biyar a Atlanta da Makaɗin Ƙarfe Mai Hannu Huɗu

Shekaranjiya na dawo Kano, amma har yanzu amon kiɗan da na ji a Atlanta bai bar kunnena ba. Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Georgia Tech ne ya gayyace ni. Daga filin jirgi muka hau jirgin ƙasan MARTA a kan dala biyu da rabi, kuɗin da na ga babu tsada, sai dai farantin shinkafar da muka ci da rana, da na auna shi da naira, ya isa cefanen gidana na kwana uku.

Kashegari ya ce, "Kawu, zo ka ga makaɗin da ba ya numfashi." Shimon ake ce masa, mutum-mutumi ne mai hannu huɗu da sanduna takwas, wanda Farfesa Gil Weinberg da abokan aikinsa suka ƙera domin ya buga marimba, wato jerin katakai masu amo daban-daban. Wani ɗalibi mai fara'a ya ba ni kujerarsa, ya zauna gaban fiyano ya soma kiɗa. Tun bai kai ƙarshen abin da ya ɗauko ba, hannayen ƙarfen suka zame zuwa inda za su buga, suka tsaya suna jira, lokaci na cikawa kuwa suka sauka tare da yatsunsa. Ya bayyana mini cewa hannun ƙarfe yana cin lokaci kafin ya isa wurinsa, idan ya jira sai ya ji bugun to ya makara, shi ya sa Guy Hoffman, wanda ya yi aiki a kan Shimon, ya raba kowane motsi gida biyu, shiri da bugu. Kan Shimon ma gyaɗawa yake yi, ɗalibin kuma yana duban kan domin ya san lokacin shigowa.

Nan take na tuna mai kalangun mahautan unguwarmu, wanda idonsa ba ya barin kafaɗar mai rawa, kafin ƙafa ta taɓa ƙasa ya riga ya matse tsarkiya. A ganina Shimon bai kai shi ba tukuna, domin mai kalangu ya san mai rawar, ya san ubansa da kirarin gidansu. Duk da haka tsigar jikina ta tashi a ɗakin nan, sau uku na roƙi a maimaita, kuma ba su nuna gajiya ba.

Ranar Juma'a mun yi salla a masallacin Al-Farooq, mun ziyarci kabarin Martin Luther King, daren Asabar na kamo hanyar Legas.