Bikin Garwa da aiken kifi

Daga Ngaundere zuwa Garwa, a arewacin Kamaru, kusan kilomita 280 ne, kuma hanyar ta fi mini daɗi kan bikin da ya kai ni. A motar haya ba wanda ya san ni. Na samu gefen taga, na ja mayafina, muka gangaro daga tudun Adamawa sanyin garinmu yana raguwa, muna wuce Mbe iska ta koma kamar ta bakin murhu. Har muka isa ba wanda ya ce mini, "Lafiya kika yi shiru?"

A gidan biki kuwa tun daga zaure aka fara. Ni fa ina son dangina. Amma gaisuwar Garwa ba ta ƙarewa: ku gama "ina gajiya, ya gida, ya yara" da Hausa, wata ta shigo a sake sabon lale da Fillanci, 'yan boko su ɗora da Faransanci. Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, ɗakin mata cike, wannan na lalle, waccan na guɗa a kunnenki. Kafin la'asar murmushina ya ƙare, maganar mutane ta koma mini ƙara kawai.

A wajenmu ba a cewa "ku bar ni ni kaɗai". Ki faɗa ki ji: fushi kike, ko girman kai, ko dama an san ki miskila ce. Sai na fake da dadduma, na idar da salla na ci gaba da zama da carbi, don ba mai taɓa mai lazimi.

Goggo ce ta gano ni.

"'Yar nan, ciwon kai ne?"

"A'a Goggo, gajiya ce kawai."

"Irin ta babanki. Ungo jaka biyar, je ki sayo mana kifi wajen gada. Ban da sauri."

Tukwane cike da naman sa, wane kifi kuma? Na karɓa dai na hau babur.

Kogin Binuwai da rani ya janye, yashi ya fito tsibiri-tsibiri. Masu wanki sun shanya zannuwa a kai, can nesa dorina ta ɗago kunnuwa ta sake nitsewa. Tun 1982 madatsar Lagdo ke riƙe da ruwan nan, ita ce in an buɗe ta da damina mutanen Yola har Lakwaja ke kwana da fargaba. Na zauna kusa da wata mai kifi, muka gaisa sau ɗaya, ta ci gaba da korar ƙuda, ni da kallon ruwa, har aka kira magariba.

Da na koma ana shirin kai amarya, har da ni a masu waƙa. Goggo ta buɗe ledar, ta juya kifin, ta ce an cuce ni a ciniki, gobe sai na koma.