Wasiƙa daga Giresun, garin findik

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Ina fata kuna lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari?

Daga Giresun nake rubuto muku, a bakin Bahar Aswad a ƙasar Turkiyya. Muna cikin watan Agusta, gari ya yi tsit domin kowa ya hau tudu girbin findik. Ita ce ƙwayar da Turawan Ingila ke kira hazelnut, wadda haƙorinku ke cin karo da ita a tsakiyar cakulan ɗin nan mai suna Ferrero Rocher. Fiye da rabin wadda duniya ke ci daga ƙasar nan take fita, galibi daga yankin nan namu da su Ordu da Trabzon.

Na bi tsohuwar da nake haya a gidanta zuwa gonarsu. Gonar a jikin gangare take, tsayuwa ma sai da dabara, balle a ce inji ya shiga. Mutum zai ɗaura kwando a ƙugu, ya janyo reshe, ya yi ta tsinka da hannu tun safe har rana ta yi sanyi. Kwana biyu kacal na yi, yatsuna suka yi baƙi, bayana ya ƙage. Amma akwai 'yan ƙwadago da ke tasowa tun daga kudu maso gabashin ƙasar, su kwana a tanti har kakar ta wuce, wasu da ƙananan yaransu. Wallahi ganin yaran nan ya tsaya mini a rai.

Da daddare tsohuwar ta gasa wadda ta bushe, ta murje ɓawon a cikin tsumma, ta zuba a injin markaɗe. Da fari gari ne, can sai ya dunƙule, sai kuma ya narke yana sheƙi, ba ta ɗiga ko digon mai ba. Kusan kashi 60 cikin 100 na ƙwayar ai mai ne. Ta ɗan barbaɗa garin koko (wanda ake yin cakulan da shi) da sukari, ta miƙo mini cokali ta ce, "Ɗana, ɗanɗana ka ji." Ƙamshin gashin ne ya fara isa hanci kafin zaƙi ya biyo baya.

Haɗa ta da cakulan kuwa dabarar Italiyawa ce. Ana danganta ta da takunkumin da Napoleon, sarkin Faransa, ya ƙaƙaba wa kayan Ingila a 1806, lokacin da koko ya yi tsada, masu alewa a birnin Turin na Italiya suka riƙa cike gurbinsa da findik ɗin yankinsu. Haɗin ne ake kira gianduja. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu koko ya sake wuya, Pietro Ferrero na garin Alba ya fito da nasa a 1946, ɗansa Michele ya gyara shi ya raɗa masa suna Nutella a 1964.

Roƙona gare ku, idan kun ɗauki kwalbar irin wannan haɗin na shafawa a burodi ku juya bayanta ku karanta, domin abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. A Nutella sukari ne a gaba, manja na biye, findik kashi 13 ne kawai. Dokar Tarayyar Turai kuwa ba ta yarda a kira cakulan gianduja ba sai da findik aƙalla giram 20 cikin kowane 100, ko 15 idan cakulan mai madara ne. Ni dai tun daren nan na daina sayen wadda findik ba ya kan gaba a jerinta, ko da kuwa ta fi tsada.

Bari in dakata a nan, hadari ya haɗo daga teku, tsohuwa na ƙwala mini kira mu je mu rufe shanya. A gaishe mini da kowa da kowa.

Ɗan'uwanku a Giresun