Kafin ka ce wannan bawul ya fi wancan daɗi

Ƙannena masu koyon gyaran amfilifayar gita a unguwannin Nima da Maamobi na Accra, abin da kuke ji a shago, cewa kowane bawul (kwan gilashin da ke ƙara ƙarfin sigina) da irin sautinsa, yana da ƙamshin gaskiya. EL34, irin na cikin amfilifayar Marshall, tsakiyar sautinsa a gaba take, kuma yana saurin dishewa in an matsa masa. 6L6GC na Fender ƙasansa ya fi cika, samansa ya fi fita tas. EL84, wanda ake jera huɗu a Vox AC30, yana da zaƙi a sama. Sai dai yawancin bambancin da kunne ke ji ranar da aka sauya bawul, daga bayas yake (saitin wutar da ke ratsa bawul lokacin da babu sauti) ko daga ƙarfin murya.

Ɗauki ƙananan na gaba, masu ƙafa tara. 12AX7 yana ninka sigina har sau 100, 5751 sau 70, 12AT7 sau 60, 12AU7 bai wuce 20 ba, kuma duk soket ɗaya suke shiga. Ka sa 12AU7 a gurbin farko, murya ta ragu, ka ce ba shi da rai. Kunne kuwa kullum wanda ya fi ƙarfi yake zaɓa. Don haka saka sautin gwaji na 1 kHz daga waya, ɗora mita a AC kan wayoyin lasifika, ka murɗa har kowane bawul ya ba da lamba ɗaya, misali volt 2. Ratar kashi 12 cikin ɗari kawai ta kai desibel ɗaya, ta isa ta ruɗe ka.

Manyan na baya su ne masu cin kuɗi. Don auna bayas a EL34 ko 6L6GC, haɗa rezista mai ohm 1 tsakanin ƙafa ta 8 da ƙasa, wato jikin ƙarfen amfilifaya. Milivolt nawa mita ta nuna a kanta, miliamfiya ke nan. Lissafin da aka saba: kashi 70 cikin ɗari na wat ɗin bawul, a raba da volt ɗin farantinsa, wato ƙarfen cikin bawul da ke ɗaukar babbar wuta. A volt 450, EL34 mai wat 25 yana son miliamfiya kusan 39, 6L6GC mai wat 30 kusan 47. In adadin ya yi ƙasa sosai, sauti ya sirance, yana ƙaiƙayi in an kaɗa a hankali. In ya haura, kashe fitilar shago ka leƙa: za ka ga farantin ciki ya yi ja, to kwanan bawul ya ƙare. 6L6GC da aka dasa a bayas ɗin EL34 haka yake yi, domin ya fi buƙatar wutar negatif a girid, wato ragar waya da ke sarrafa wutar cikin bawul.

Kada soket ya yaudare ka. EL34 da 6L6GC dukansu ƙafa takwas ne, amma EL34 yana son ƙafa ta 1 a haɗe da ta 8, alhali a tsofaffin Fender da yawa an mai da ƙafa ta 1 wurin ɗaure rezistar girid. Ga kuma hita, wayar da ke ɗumama bawul: 6L6GC amfiya 0.9, EL34 amfiya 1.5. A guda huɗu, ƙarin 2.4 ke nan a kan taransifoma. Ban yi wannan lissafin ba na ƙona ta mai kaya, kuma daga aljihuna na biya naɗin.

Wutar Accra 230 ce a takarda. Auna bango duk lokacin da za ka gwada, domin bayas ɗin da ka saita da rana ba shi za ka tarar da daddare ba. In amfilifayar ta Amurka ce mai 120, auna abin da taransifomar rage wuta ke fitarwa. Iskar teku ma tana sa ƙafafu tsatsa. Goge su tukuna, sau da yawa sabon bawul ya “gyara” sauti ne don zarewa da mayarwa sun kankare soket. Wanda aka ciro daga tsohon kaya a Zongo Lane kuwa, ba adalci ba ne a gwada shi da sabo. Manya a saye su biyu-biyu, waɗanda aka auna suka yi daidai.

Ba a kunna irin wannan amfilifaya babu lasifika, taransifomar fita ce za ta tafi. Kafasitocin ciki suna riƙe sama da volt 400 bayan an zare filogi. Sauke su ta rezista, ka ga mita ta koma ƙasa da volt 10 kafin ka kai hannu. Wajen auna bayas, maƙala wayoyin mita tun wuta na kashe, sannan ka kunna, hannu ɗaya a aljihu.