Na dawo gida bayan wata 11, ga godiyata

Salama a gare ku 'yan'uwa da abokan arziki. Yau kwanana 9 da fitowa, tun ranar nake ta son in rubuta wannan amma baƙi ba su bar ni ba, kuma wayar ma sai shekaranjiya aka gyara min, batirinta ya kumbura saboda ajiya. Wanda bai san abin da ya faru ba, a taƙaice dai ni mai kula da sito ne a wurin wani ɗan kasuwa mai sayar da takin zamani, shekarata 7 a wurin, aka wayi gari aka ce buhu 180 na yuriya sun ɓace, aka ce ni na sa hannu suka fita. Daga ofishin 'yan sanda sai kotu, daga kotu sai gidan yari, ko in ce gidan gyaran hali tunda an canja sunan a 2019, ko da yake gabzar ciki ba ta ji labarin canjin ba. Wata 11 ina jiran shari'a, sau 8 ana ɗage zama, yau alƙali ya tafi taro, gobe mai ƙara bai zo ba, jibi babu man da za a zuba a motar da za ta kai mu. A ƙarshe direban da ya ɗauki kayan ya kawo kwafin takardar fitar kaya da ya ajiye a gidansa, aka ga sa hannun ba nawa ba ne, kotu ta sallame ni.

Godiya ta farko ta Allah ce. Ta biyu kuma ta maman yara, wadda ta sayar da kekenta na ɗinki da akuyoyi biyu ba ta faɗa min ba sai da na fito na ga gurbin keken a ɗaki, wurin ya yi fari a kan siminti. Duk ziyara sai ta zo da kula, ta tsaya a layi cikin rana, gandiroba ya sa cokali ya tona abincin ya ce ta ɗanɗana tukuna, ta ɗanɗana, ta shigo tana murmushi kamar daga biki take. Maman yara ban da abin biyanki, Allah ya biya ki.

Baba Fasto da Mama Fasto, na gode. Dattawan ikilisiya da suka ɗauki kuɗin makarantar yarana na zango biyu, na gode. Zumuntar Mata, ku kam ban san ta ina zan fara ba, an ce min kun raba kwanaki a tsakaninku, kowace Laraba wata ce ke kai masara ko garin rogo gidana. 'Yan kwaya da suka zo suka yi mana waƙa a ciki ranar Kirsimeti, har waɗanda ba Kirista ba suka leƙo suna tafi. Lauyata, wadda ta karɓi rabin kuɗinta ta ce sauran in na samu. Sai Alhaji maƙwabcina, mutumin da katanga ɗaya ta raba mu shekara 12, shi ya fara ɗaukar takardar filinsa ya je kotu zai tsaya min beli, aka ce sai ma'aikacin gwamnati mai babban matsayi, ya dawo ransa a ɓace, amma daga ranar bai bar gidana ya kwana babu ruwa ba, yaransa ne ke turo kura da jarkoki. Alhaji Allah ya saka da alheri, ya raya maka zuri'a.

Yanzu ga abin da ya sa rubutun ya yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Kusan duk wanda ya zo min barka sai ya ce "ka ga Allah ba ya barci, gaskiya ta yi halinta", wasu kuma su ce labarina sak na Yusufu. Ina amsa amin, amma a raina na san ba haka lissafin yake ba. Mutumin da ya sa hannun, wanda ya tsaya a gaban 'yan sanda ya rantse ya ce ni ne, yana nan lafiyarsa lau. Ba a kama shi ba, maigidan ya ce za su sasanta a cikin gida saboda akwai auratayya tsakaninsu. Ranar Talata na hango shi ya wuce a motarsa, an ce ma ya kusa gama rufin sabon gini. Kuma mai zuwa sujada ne, ba a majami'armu ba dai, amma yana riƙe Littafi Mai Tsarki kamar yadda nake riƙewa. To ina gaskiyar ta yi halinta? Ta fitar da ni, wannan kam na gode, amma shi ko ƙwarzane bai samu ba.

Watannin farko a ciki addu'ata guda ɗaya ce, Allah ka nuna masa, Allah kar ya ga damina. Ba na ɓoyewa. Zabura 73 ce abincina, inda Asaf yake cewa saura kaɗan ƙafarsa ta zame don ya ga mugaye suna ƙiba ba sa ciwo, har ya ce ashe a banza ya tsabtace zuciyarsa. Da Habakuk sura 1, inda annabin da kansa yake tambayar Allah har yaushe zai yi ta kuka ba a ji ba, shari'a ta shanye, mugu ya kewaye mai gaskiya. Na ji sanyi da na ga ba ni na fara wannan rigimar da Allah ba, kuma bai kori waɗanda suka yi ta ba, ya ma bari aka rubuta maganarsu muna karantawa a sujada.

A sel ɗinmu akwai wani dattijo da muke kira Baba Mai Bishara, shekararsa ta 4 ke nan yana jiran shari'a kan rikicin gona. Shi ke jan addu'ar asuba, Littafinsa babu bango, Farawa ta fara daga sura 3, ya ɗaure shi da robar tayar keke. Wata rana ya ji irin addu'ar da nake yi a ƙasa-ƙasa, sai ya ce "ɗana, zo ka karanta min Sarakuna na ɗaya sura 21, idona ba ya gani sosai". Na san idonsa ƙalau yake. Labarin Nabot ne na Yezreyel, wanda sarki Ahab ya nemi gonar inabinsa don ya mai da ita lambu, ya ce a'a gādon kakanninsa ne, Yezebel matar sarkin ta rubuta wasiƙu da hatimin sarki, aka samo 'yan iska biyu suka yi shaidar zur cewa ya zagi Allah da sarki, aka fitar da shi bayan gari aka jajjefe shi. Na karanta da zafi na, don shaidar zur na san ɗanɗanonta. Iliya ya zo ya tare Ahab a cikin gonar ya faɗa masa karnuka za su lashe jininsa, na ce yauwa. Sai ga ƙarshen surar, Ahab ya yage tufafinsa ya sa tsummoki ya yi azumi, Allah ya ce wa Iliya ka ga yadda Ahab ya ƙasƙantar da kansa, ba zan kawo masifar a zamaninsa ba sai a zamanin ɗansa. Na rufe Littafin na ce Baba wannan kuma wane irin adalci ne, mutum ya kashe ya ƙwace, ya yi azumin kwana nawa a ɗage masa?

Baba bai yi min dogon wa'azi ba. Ya ce ɗagewa aka yi, ba a yafe bashin jinin ba, je ka Sarakuna na biyu sura 9 ka ga inda Yehu ya sa aka jefar da gawar Yoram ɗan Ahab, a cikin filin Nabot ɗin nan ne, kuma Yezebel ta taga aka wurgo ta. Ya ce amma ka lura da abu ɗaya, Nabot bai ga ko ɗaya daga ciki ba, yana kabari. Wannan maganar ta tsaya min a wuya kwana da kwanaki. Mu mun fi son labarin Yusufu saboda shi ya ga ƙarshen da idonsa, an sayar da shi yana da shekara 17 a kan azurfa 20, ya tsaya gaban Fir'auna yana da 30, 'yan'uwansa suka zo suka rusuna. Ko shi ɗin ma shekara 13 ce a tsakani, har da cikakkun shekaru 2 da mai shayarwar sarki ya manta da shi a kurkuku, kuma babu inda aka rubuta cewa an hukunta matar Fotifar, wadda ta yi masa ƙazafi. Ni dai na duba ban gani ba. Mai Hadishi, wanda tsofaffinmu suka sani da Mai Wa'azi, ya faɗa a sura 8 aya 11 cewa don ba a hukunta mugunta nan take shi ya sa zuciyar mutane ke ƙara ƙarfi wajen aikata ta, wato Littafin ya san wannan jinkirin yana da tsada, bai ɓoye ba, kuma talaka ne yawanci ke biya.

Abin da ya karya ni bai zo ta wurin Baba ba, ni kaɗai ne da dare, zafi ya hana barci, muna kwance kamar kifin gwangwani kowa da gefen da zai juya. Na tuna Luka 13, misalin itacen ɓaure da mai gona ya zo shekara 3 yana neman 'ya'ya bai samu ba, ya ce a sare shi yana tare wuri a banza, mai kula da gonar ya ce maigida bar shi bana ma, in yi masa kaftu in zuba taki, in ya yi 'ya'ya to, in bai yi ba sai a sare. Ni da na yi shekara 7 ina ƙirga buhunan taki, na san ba a zuba wa abin da aka fid da rai a kansa, taki kuɗi ne. Ina cikin tunanin wancan mutumin ne a matsayin ɓauren, ina jin haushin an ƙara masa shekara, sai fuskar wani yaro ta faɗo min.

Shekara 3 kafin a kama ni, buhu biyu sun taɓa ɓata a siton nan. Aka ɗora wa wani yaro ɗan dako, bai fi shekara 19 ba, mai yawan dariya, kullum da tsumma a kafaɗa. Na san ba shi ba ne. Na ga wanda ya sa buhunan a but ɗin mota da yamma, mutumin nan dai ne. Aka tara mu, aka mari yaron a gabana, ya juyo ya kalle ni ya ce "oga kai ka san ban ɗauka ba", ni kuma na sunkuyar da kai ina buɗe littafin lissafi kamar ina neman wani abu, don ina tsoron aikina, matata tana da ciki lokacin. Aka kore shi ba a ba shi kuɗin satin ba. Ranar Lahadi na je sujada na yi waƙa na ba da baiko, shekara 3 ban sake tuna shi ba, kuma ba abin da ya same ni, ko ciwon kai. Da Allah yana yanke hukunci da saurin da nake roƙonsa ya yanke wa wancan, da ni ya fara sarewa tun kafin a kai ga buhu 180. Kuma da na buɗe baki a kan buhu biyu, wa ya sani, ƙila da ɓarawon bai yi ƙarfin halin ɗaukar buhu 180 ba.

Kar wani ya fahimce ni a karkace. Ban ce ɗaurin da aka yi min sakayya ce ba, ban saci komai ba, zalunci ne kuma sunansa ke nan. Ban kuma ce a bar mugu ya ci bulus ba, lauyata tana duba yadda za a bi min haƙƙina na albashin wata 11 da ɓata suna, kuma zan bi, don gwauruwar nan ta Luka 18 ma ba zama ta yi a gida ba, ta yi ta sintiri wurin alƙali har ya gaji da ita. Abin da na ajiye shi ne ramuwa da hannuna, da addu'ar mutuwa. Matasan unguwa da suka zo min da maganar a je a ƙona masa mota, na gode da kishinku amma dan Allah ku bari, Romawa 12:19 ta ce ramuwa ta Ubangiji ce, ku kuma ba na so in kai wa ɗayanku kula a inda na fito. In ce na gama yafe masa, ƙarya nake, ranar Talatar nan da na ga motarsa sai da hannuna ya yi rawa. Baba Fasto ya ce in riƙa ambaton sunansa a addu'a ko da baki ne kawai, zuciya za ta biyo daga baya, ina gwadawa, wata rana ya fito wata rana ya maƙale.

Sujadar godiya ranar Lahadi mai zuwa ce in Allah ya kai mu, ƙarfe 9, kowa da kowa muna gayyata, maƙwabtanmu Musulmi kuma akwai abinci a gida bayan azahar. Baikon godiyar mun shirya da dattawa za a raba biyu, rabi a sayi sabulu da man ƙaiƙayi da garin kwaki a kai ciki, don ƙazuwa ta gama da mutane a wurin, rabi kuma a haɗa wa Baba Mai Bishara kuɗin lauya, fayil ɗinsa ma an ce sai an nemo shi. Akwai kuloli uku da tukunya ɗaya a gidanmu da ba mu san masu su ba, mai ita ta zo ta ɗauka ko ta aiko yaro.

Sai roƙo na ƙarshe. 'Yan dakon bakin kasuwa da direbobin da muka yi aiki tare, kun san yaron da nake nufi, ba zan rubuta sunansa a nan ba. An ce min ya koma ƙauyensu, wani kuma ya ce yana tura baro a tasha. Duk wanda ya san inda yake ya yi min magana ta akwatin saƙo, ko ya faɗa wa maman yara. Kuɗin satinsa na nan na ware, kuma ina so in faɗa masa a gaban mutane abin da ya kamata in faɗa ranar da aka mare shi.