Daga sifili zuwa goma, nawa ne?

Ƙanina kanikanci yake yi a Dilimi, kuma tiramol ce ta kama shi. Da farko wai guda ɗaya ce da safe don ƙarfin aiki, musamman lokacin sanyin nan namu na Jos da hannu ke daskarewa, har abun ya kai in bai sha ba ko sifana baya iya riƙewa. Ni na fara raka shi asibiti don Umma tace ita zuciyarta ba za ta iya ba.

Ranar farko na zata fitsari kawai za'a gwada a bamu magani mu tafi. An gwada ɗin kam, amma sai likitan ya juyo yace masa, daga sifili zuwa goma, yanzu haka nawa kake jin kwaɗayin ƙwayar? Yaron nan ya kalle ni, ya kalli ƙasa, yace biyu. Biyu! Mutumin da a daren jiya na ji shi yana ta zirga-zirga a tsakar gida har kiran assalatu.

Wallahi raina ya ɓaci, har na fara cewa a zuciyata wannan wane irin gwaji ne da mara lafiya ke ba kansa maki kamar ɗan makarantar da aka bari da takardar jarrabawarsa. Daga baya da na zauna nayi ta karatu a waya sai na gane ba ragwantar likita bace. Fitsari yana nuna abinda mutum ya riga ya sha ne, amma wannan kiran da ƙwaya ke yi masa kafin ya sha babu na'urar da ake sa masa a ɗakin likita ta karanto, dole sai shi ya faɗa. Kuma ba ƙaramin abu bane, tun 2013 littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, ya saka kwaɗayin cikin alamomi 11 da ake gane cutar shaye-shaye dasu.

Akwai wani ma'auni da aka fitar a Jami'ar Fensilbaniya a 1999, asalinsa na masu shan giya ne, tambayoyi biyar ne kacal, kowace maki sifili zuwa shida, jimla 30. Sau nawa ka tuna da ita a satin da ya wuce, yaya ƙarfin abun ya kai, tsawon wane lokaci kayi kana tunaninta, sannan wadda ta fi tsaya min a rai: da ka san akwai kwalba a gidanka, yaya wahalar haƙuri zata kasance? Wannan tambayar ai ta Dilimi ce, inda mai sayarwa ya san sunanka ya san ranar da ake biyanka.

Binciken da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka yi a 2018 yace mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya. Nawa ne a cikinsu aka taɓa zaunarwa aka yiwa tambaya irin wannan ba tare da an ɗaga bulala ba?

To amma ni abinda na gano da kaina, lambar tana bin wanda ke zaune a ɗakin ne. Ƙani ba zai buɗe baki gaban yayansa yace tara ba, kunya ba za ta bari ba, ga tsoron labari ya kai kunnen Umma. Biyun nan tawa ce, ni aka yiwa ita.

Zuwa na uku sai na tsaya a waje wajen mai shayi. Ya daɗe a ciki. Da ya fito muka tari keke zuwa Taminus, sai da muka kusa sauka yace, ba tare da ya kalle ni ba, "Yaya, yau takwas nace masa. Da la'asar yafi tsanani, in an tashi aiki."

Yanzu ƙarfe huɗu na yi nake rufe shago in bi ta garejinsu.