Na Bi Sawun Ɗaliban Augustana Har Bakin Binuwai

Zumuntar matasa ta ikkilisiyarmu ce ta ɗora mini aikin. Aka ce in rubuta takaitaccen tarihin zuwan bishara ƙasar Numan, a karanta a taronmu na ƙarshen shekara. Na amsa da sauri, don a ganina labari ne da kowane ɗan LCCN, wato Ikkilisiyar Kristi ta Lutheran a Nijeriya, ya haddace tun a makarantar Lahadi: Dakta Niels Brønnum ya taso daga Denmak, ya iso Numan a 1913. Ashe aikin zai cinye mini wata uku.

Abin da ya karkatar da ni wani suna ne da na yi tuntuɓe da shi a intanet, Ralph Hult. An ce Ba'amurke ne ɗan Lutheran, an aiko shi Sudan a 1919. Na tsallake shi, na ce ba namu ba ne, na can Khartoum ne. Bayan kwana biyu na sake ganin sunan, wannan karon tare da Nijeriya da Kamaru. Kaina ya ɗaure.

Sai na ɗauki littafin rubutuna na tafi gidan wani dattijon ikkilisiya da ya haura tamanin. Na tarar da shi a gindin dalbejiya, tsohon littafin waƙoƙi a cinyarsa, bangon an ɗinke shi da zare. Na faɗa masa abin da ya dame ni. Ya buɗe shafin farko ya miƙo mini.

"Karanta nan, ɗana."

Na karanta, na ce, "Baba, ai Sudan aka rubuta."

Ya ce, "To, da wannan sunan muka tashi. Ekklesiyar Kristi a Sudan ake ce mana kafin a mayar da shi Nijeriya."

A nan na gane cewa Sudan a bakin mutanen wancan zamani duk faɗin ƙasar nan ce da ke kudu da Sahara, har da mu a ciki. Tun ranar ban ƙara karanta tsohuwar takarda da ma'anar yau ba, kuma ban ƙara fara bincike ba sai na gaida dattawa tukuna.

Da na bi sawun Hult baya, sai ya kai ni wata makaranta, Augustana, wadda 'yan ƙaura daga Suwidin suka kafa a Chicago a 1860, ta koma Rock Island a jihar Illinois a 1875. A can ne, a 1886, ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu ta kai bishara ƙasashen waje. Wannan ne ya fi taɓa ni a duk binciken. Ba bishop ne ya ba da umarni ba, ba attajiri ne ya zuba dukiya ba. 'Ya'yan baƙi ne, iyayensu ba su gama zama da gindinsu a Amurka ba, su kansu ba su gama karatu ba. Suna haɗuwa su yi addu'a, su ji labarin ƙasashen da ba su taɓa gani ba, su tara baiko daga ɗan abin da ke hannunsu. Shekara talatin da ɗaya bayan haka, a 1917, aka naɗa Hult fasto, ɗalibin wannan makaranta, da nufin ya zo Sudan.

Aikinsa bai kafu a wajenmu ba. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an fitar da 'yan mishan Jamusawa daga Tanganyika, wadda yanzu ke cikin Tanzaniya, ikkilisiyoyin can suka zama kamar tumaki ba makiyayi, sai aka mayar da shi can a 1922. A 1941 yana cikin jirgin ruwan Zamzam da Jamusawa suka nutsar a tekun Atlantika. Ya tsira, ya sake komawa Afirka, ya rasu a Dar es Salaam a 1943.

Wani abokina a kwamiti ya ce in cire wannan sashe, tunda ba Hult ne ya kafa mu ba. Na ƙi. Tarihin da ke lissafa waɗanda suka yi nasara kaɗai bai cika ba. Shi kansa Brønnum, kafin ya taka Numan sai da ya binne matarsa Margaret a Rumasha, inda suka tsaya koyon Hausa, bayan ta haifi ɗansu. Dagmar Rose, 'yar mishan da suka zo tare, ita ce ta ɗauki jaririn ta koma da shi Turai. Sau nawa muke faɗin sunayen matan nan biyu a majami'a?

Ranar taro na karanta shafi huɗu. Da na zo kan 1886 na dakata, na ce duk ɗalibin da ke wurin ya ɗaga hannu. Fiye da rabin ɗakin suka ɗaga. Bayan an tashi, wata ƙanwa da ke makarantar jinya ta same ni a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, in mun fara namu, za ka riƙe mana littafin rubuta bayanin taro?" Na ce zan riƙe. Yanzu muna haɗuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata, kuma kowane zama ina rubuta kwanan wata da sunan duk wanda ya zo.